Bangon Tunau a Fagen Sarkin Aljanu

Mutanen Kwarin Gamji ba sa ɗibar ƙasar gini a kududdufin gabas, ko da kuwa masallaci za a gina. In ka tambayi dalili sai a nuna maka wani tsohon ɗaki da ya ga jikoki da tattaɓa kunne ba tare da ya tsage ko sau ɗaya ba, a ce maka wanda ya gina shi ne ya hana. To ga abin da ya sa.

Wasu magina ne wa da ƙane, Barmo da Tunau, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma hali ya raba su. Tunau in ya jera sahu ɗaya na tubali sai ya wanke hannu ya tafi gida, ba ya ɗora wani sai na ƙasa ya bushe. Barmo kuwa sahu uku yake ɗorawa a yini guda, don ya samu ya ruga gindin tsamiya inda ake dara. A dara babu mai ja da shi, kuma ko ba shi ke wasa ba sai ya miƙa hannu ya ci wa mutum, a yi ta rigima. Shi ya gina wa uwarsu ɗaki, ruwan farko na damina ya kwantar da shi. Allah ya sa tsohuwar tana madafa.

Sai suka kira gayya don a sake gina ɗakin, suka zama su goma, suka nufi kududdufin gabas da galma da kwanduna. Uwarsu tana zaune ƙarƙashin rumfar zana ta bi su da ido ta ce, "Kun fita ku biyu, ku dawo mini ku biyu. Tunau, kai ne ƙarami, amma kai na ba amanar yayanka."

Barmo ya yi dariya ya ce, "Inna, ƙasa fa za mu ɗebo, ba yaƙi za mu ba."

Hantsi bai gama ɗagawa ba galmar Barmo ta daki wani abu mai ƙara. Suka share ƙasa, sai ga daɓe na duwatsu masu kusurwa huɗu, baƙi na bin fari, fari na bin baƙi. Tunau ya ce a mayar da ƙasa a rufe, wannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Bai rufe baki ba Barmo ya ɗaga galma ya sake kai sara. Daɓen ya buɗe, ya haɗiye su duka goman.

Suka faɗo a wata ƙasa wadda samanta ja ne kamar gaushi, babu rana babu inuwa. Kafin su miƙe wasu tsuntsaye masu fikafikan wuƙa suka sauko musu. Na farko ya share kunnen wani mai suna Jatau, na biyu ya tsaga wa Barmo kafaɗa. Tunau ya ce su haɗa baya, su kifa kwanduna a kai, masu galma su tsaya a waje. Haka suka yi ta tafiya a dunƙule suna sara, jinin tsuntsaye da nasu na zuba a sawu ɗaya, har suka iso bakin wani kogi mai tafasa.

Gadar kogin duwatsu ce jere, ɗaya baƙi ɗaya fari. Suka hau ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, Mati, saurayi mai yawan waƙa a wurin kwaɓa ƙasa, ya kai tsakiya ke nan wani kada mai kai biyu ya taso. Kai ɗaya ya kama ƙugunsa, ɗayan ya kama wuyansa, suka ja, Mati ya rabu biyu a gaban idon 'yan'uwansa. Barmo ya zabura zai faɗa ruwan, sai da mutum uku suka danne shi.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa wani birni, dama da hagu an kafa masu, kowane mashi da kan mutum a tsire. Kawunan nan ba su mutu ba, idanunsu na bin masu wucewa, suna magana ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya ce, "Ni na fito da wazirina tun wasa bai yi nisa ba."

Na biyu ya ce, "Ni na bar sarkina a tsakiyar fage."

Na uku ya ce, "Ni an miƙo mini na ci."

Na can kusa da ƙofa, wani dattijo mai farin gemu, hawaye na bin kuncinsa, ya ce, "Ni na kai ɗana bakin layi, na kasa faɗin kalma ɗaya."

Babu wanda ya gane maganarsu. Tunau dai ya riƙe ta a ransa, don shi mutum ne da ba ya zubar da ko ɓallin tubali.

Aka shigar da su fada. Sarkin birnin, Jamruzu, aljani ne mai tsawon giginya, haƙoransa na sama sun sauko har ƙirji. Ya ƙirga su da farcensa, ya yi murmushi.

"Ya ku bil'adama, kun fasa rufin gidana ba da sallama ba. Tara kuka iso, haka nake so. Kogina ba ya cin kowa sai wanda ya yi yawa. Waye babban magini a cikinku?"

Barmo ya buɗe baki, sauran suka riga shi, suka nuna Tunau.

Jamruzu ya ce, "Ya kai Tunau, a ƙasata babu alƙali sai shataranji. Fage ne mai gida sittin da huɗu, runduna biyu. Kai ne sarkin baƙar runduna, da ƙafarka za ka tsaya a kai. Mutanenka takwas su ne dakarunka. Zan ara maka dawakai biyu, giwaye biyu, soraye biyu, duka na baƙin ƙarfe, da waziri guda. Wanda aka ci ya mutu, mutuwar da ba a dawowa. In ka tsare ni na rasa gidan gudu, kai da wanda ya rage a raye ku koma gida. In na tsare ka, akwai sauran masu a bakin hanya."

Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin wannan wasa ba. Ba a kai makaho bakin rijiya a ce ya yi tsalle."

"Na ba ka yini guda. Wazirinka zai koya maka."

Wazirin nan ashe tsohuwa ce, jikinta duk tagulla, sai idanunta kaɗai na mutane. Suna ce mata Iya Tagulla. Ta zaunar da Tunau a ƙasa, ta zana gidaje da yatsa, ta jera tsakuwa. Ta nuna masa yadda soro ke tafiya a miƙe, giwa a karkace, doki ya yi tsallen ƙetare, waziri ya bi duk inda ya so. Dakare kuwa gaba kawai ya sani, taku ɗaya, sai a fitarsa ta farko yake iya yin biyu, kuma a karkace yake sara.

Ta ce, "Ɗan nan, duk waɗanda ka gani a kan masu sarakuna ne da jarumai. Sun ɗauki dakare abin jefarwa ne. Kai kuwa dakarunka sun san sunan uwarka. Don haka ba zan koya maka buɗin masu kai hari ba, zan koya maka na masu gini."

Ta tura tsakuwa ɗaya taku guda. "Wannan shi ne tushe. Ba don kansa ya fito ba." Ta tura ta kusa da ita taku biyu zuwa tsakiyar fage. "Wannan shi ne bango. Duk wanda ya sare shi, na bayansa zai rama nan take, saboda haka ba a taɓa shi a banza. Sai ka tokare shi ta ɗaya gefen. Amma kafin ka tokare, fitar da giwarka waje, in ba haka ba ka rufe ta a ɗaki har wasa ya ƙare. Bayan nan dawakai su fito, kowa sau ɗaya, kada ka motsa abu guda sau biyu alhali wani na barci a gida. Sannan ka shige bayan soro, dakaru uku a gabanka, ka buɗe wa kanka 'yar taga ta gudu."

Tunau ya ce, "Iya, to yaushe ake faɗan?"

"In ginin ya bushe. Jamruzu zai turo dakarunsa su yi tsani, wannan na tokare da wancan. Ba a dukan tsani a kai, a gindi ake dukansa. Na tushen nan naka shi zai ƙara taku ɗaya ya daki gindin, amma sai ka shiga soro tukuna. Kafin nan duk abin da aka miƙo maka kyauta, dubi abin da za ka bari a buɗe in ka karɓa."

Tunau ya ji abin ya zauna masa daram, don kuwa sana'arsa ce aka juya masa da tsakuwa. Ya tambaye ta abin da ke faruwa in dakare ya kai ƙarshen fage.

Ta ƙwanƙwasa ƙirjinta, ya yi ƙara. "Ya zama waziri. Ni ma da ƙafar nama na shigo ƙasar nan, ina tallan nono. Mijina ya faɗi kalmar da ta tura ni gidan ƙarshe, ya ci wasa, ya koma gida da sauran. Wanda ya zama waziri ba ya fita, nan zai zauna yana jiran baƙi. Ka yi ginin da ba za ka bukaci haka ba."

Tunau ya tara mutanensa ya gaya musu kada kowa ya ɗaga ƙafa sai ya kira sunansa, domin a dokar fagen duk wanda ya motsa an ƙirga. Ya dubi yayansa ya ce, "Yaya, kai zan sa a tushe, don ba ni da wanda ya fi ka ƙarfin hannu. Don Allah wannan ba dara ba ce."

Barmo ya ce, "Na ji. Sai ka ce yaro ake wa faɗa."

Aka buga tambura, aka fito da su fage. Kowane gida ya kai faɗin tabarma biyu, duwatsun sun yi santsi saboda tsohon jini. Aljanu sun cika ganuwa suna kallo. A can ɗaya gefen farar runduna ta jeru, dakarunta masu kan kura, dawakanta da mahaya, Jamruzu a tsakiya.

Shi ya fara. Ya turo dakaren gabansa taku biyu.

Tunau ya ce, "Yaya Barmo, taku ɗaya."

Barmo ya waiwayo. "An ce ina da biyu."

"Ɗaya, Yaya."

Ya taka yana ƙunƙuni. Jamruzu ya turo dakare na biyu ya jera da na farko. Tunau ya kira Jatau, mai guntun kunnen nan, ya yi taku biyu ya tsaya a tsakiyar fage, warin bakin kura na dukan fuskarsa. Kurar ta dubi Jatau, ta dubi galmar Barmo a bayansa, ta haɗiye yawu. Jamruzu bai ce ta ci ba, ya ce ta ƙara gaba.

Tunau ya fitar da giwarsa ta tsaya a waje. Sannan ya kira Nomau, surukin Jatau, ya yi taku ɗaya ya tokare shi ta ɗaya gefen. Mutum uku suka tsaya kamar duwatsun murhu. Dawakai suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Aljanun kan ganuwa suka fara ihu suna cewa magini ya zo kwana. Jamruzu ya ce, "Ya kai Tunau, na ga matsorata, amma ban taɓa ganin wanda ya zo yaƙi da yaɓe ba."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa da abin da ya gada."

Haushi ya kama sarkin. Ya jefo dakaren da ke layin Barmo, dokin ƙarfe ya yi tsalle ya sauka a kansa, ƙwaƙwalwar kura ta fantsama har rigar Nomau. Ya jefo wani, giwa ta soke shi ta yar bayan fage. Tunau bai rasa ko mutum ɗaya ba. Ya matsar da giwa ta biyu, hanya ta buɗe, saura motsi guda ya shige bayan soro.

A nan ne Jamruzu ya yi abin da ya saba. Ya ɗauko dokinsa ya ajiye a karkacen Barmo, daidai inda galma za ta kai, babu mai tsaronsa ko ɗaya. Mahayin dokin ya sa hannu a jaka ya fito da kan Mati, ya riƙe shi ta gashi, ya matsa masa muƙamuƙi yana buɗewa yana rufewa, yana kwaikwayon waƙar da yake yi a wurin kwaɓa ƙasa.

Iya Tagulla ta ce a hankali, "Kyauta ce. Shiga soro."

Tunau ya buɗe baki zai faɗi motsinsa. Ina, hannun ɗan dara ya riga shi. Barmo ya yi kururuwa ya daka tsalle, galma ta shiga ta ƙeyar mahayin ta fito ta baki, ya sake sara ya karya wuyan dokin. Ya tsuguna ya rungume kan Mati. Aljanu suka yi tsit, sai muryar Jamruzu.

"An ƙirga."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Layin da Barmo ya bari ya zama hanya buɗaɗɗiya, kuma tun da fari don haka sarkin ya zubar da dakarensa na wannan layi. Farin soro ya gangaro da gudu ya niƙe dokin Tunau, ƙarfe ya tarwatse. Wazirin aljanu, wani mai takubba huɗu, ya biyo baya. Nomau aka fara sarewa, kansa ya gangara gida uku. Da Nomau ya faɗi, Jatau ya zama ba kowa a bayansa, dokin aljanu ya dira a ƙirjinsa, ana jin ƙasusuwa na karyewa har kan ganuwa. Bai mutu nan take ba, ya yi ta kiran sunan matarsa har muryar ta ɗauke.

Tunau ya tsaya a tsakiyar fage, jinin Nomau a ƙafarsa, tunaninsa ya watse. Farin soro da waziri sun auno shi.

Iya Tagulla ta ce, "Ɗan nan, tura ni in ci soron."

"Iya, giwarsa na tsaron wurin. Za ta kashe ki."

"Na sani. Na gaji da jiran baƙi. Ɓaraka ba ta toshe kanta, faɗi."

Ya faɗa. Ta tafi kamar kibiya, ta fasa soron gida biyu. Farar giwa ta taso ta soke ta a ciki, ta ɗaga ta sama ta maka da ƙasa, tagulla ta dare, jini ja irin na mutane ya kwarara. Da wannan motsi guda da ta sayo masa Tunau ya shige bayan soro, dakaru uku a gabansa.

Daga nan ya koma sana'arsa. Bai kai hari ba, bai nemi ramuwa ba. Ya matso da soro ya toshe layin, ya buɗe 'yar tagarsa, ya sa kowane abu yana tsaron wani. Jamruzu ya shige bayan nasa dakaru uku, ya turo duk abin da yake da shi. Nan amfanin giwar da aka fitar tun farko ya bayyana, don tana waje tana tsare hanyar da za a bi a iso ga Tunau, da tana ɗaki da tuni an gama. Wazirin aljanu ya kutso da ƙarfi ya fille kan wani dattijo mai suna Arzika, ashe ya shiga tsakanin soro da giwa. Soron ƙarfe ya matse shi da ganuwa har takubbansa huɗu suka zube.

Aka yi ta musayar ƙarfe da aljan, soro ya tafi da soro, doki ya tafi da giwa, har fagen ya zama mahauta. Da ƙura ta lafa, Tunau na da giwa ɗaya, da mutum huɗu kusa da shi, da Barmo can gefe inda ya tsaya tun sa'ad da ya yi saran nan. Jamruzu na da doki ɗaya, da dakaru uku da ke gabansa, da wata kura guda da ta kama hanyar ƙarshen fage.

Giwa ɗaya ba ta tsare sarki. Tunau ya san haka. Ya kira yayansa ya yi taku ɗaya, da nufin sarkin ya tsorata ya janye dokinsa ya bar kurar ba mai tsaro. Jamruzu bai ko waiwaya ba, ya tura kurarsa. Tunau ya sake kira, Barmo ya taka, kura ta taka. Ya kira na uku. Barmo ya tsaya a bakin layin ƙarshe, kurar ma ta tsaya a bakin nata, doki na tsare da ita. Motsi na Tunau ne.

Ya duba fagen. In kurar ta taka za ta zama waziri, ta bi mutanensa huɗu ɗaya bayan ɗaya ta yanka, sannan ta zo kansa. Ya duba can gefe, ya ga abin da magini kaɗai zai fara gani: Jamruzu ya shiga ɗaki bai buɗe taga ba. Dakarunsa uku sun toshe masa gaba, layin da yake tsaye a kai kuwa babu kowa tun daga gidan da ke gaban Barmo har zuwa gare shi. Taku ɗaya, Barmo ya zama waziri, wasa ya ƙare.

Jamruzu ya yi dariya har ganuwa ta girgiza. "Ya kai Tunau, kana tsammani ban gani ba? Na gani tun taku uku da suka wuce. Shekara dubu ina wannan wasa, mutum ɗaya ne ya taɓa faɗin kalmar, shi ma matarsa ce ba ɗan uwarsa ba. Akwai mashi kusa da dattijon bakin ƙofa, na ajiye maka."

Tunau ya dubi yayansa. A zuciyarsa ya yi fatan abin kunya, ya yi fatan Barmo ya yi halinsa, ya daka tsalle da kansa kamar ɗazu, don kada kalmar ta fito daga bakinsa. Ya jira. Barmo bai motsa ba. Yana tsaye, galma a hannun dama, kan Mati a naɗe cikin rigarsa.

Tunau ya ce, "Yaya, ka ga abin da na gani?"

"Na gani."

"To?"

Barmo ya juyo, fuskarsa duk busasshen jini. "Sau ɗaya na taka ba ka ce ba, ga Nomau can, ga Jatau, ga Baba Arzika. Wallahi ko shekara za mu yi a nan ba zan ɗaga ƙafa ba sai ka kira sunana. Kai ne magini."

"Inna ta ce mu dawo mu biyu."

"Ta ce. Su ma waɗannan huɗun da ke gabanka uwaye suka haife su."

Tunau ya dubi mutum huɗun. Babu wanda ya roƙe shi, babu wanda ya ɗaga kai, kuma wannan ya fi roƙo ciwo. Ya yi kuka a fili, aljanu na kallo, bai damu ba. Sannan ya share fuska da hannun riga.

"Yaya Barmo. Taku ɗaya."

Barmo ya ajiye kan Mati a hankali, ya taka. Tagulla ta kama shi daga tafin ƙafa, tana hawa tana ƙona nama, ƙauri ya cika fagen, bai yi ko tari ba. Da ta kai wuya ya ce, "Ka gina wa Inna ɗakin da kyau." Ta rufe bakin, ta bar idanu. Galmar hannunsa ta zama mashi. Ya juya ya auna layin, ya jefa, mashin ya shiga ta haƙarƙarin Jamruzu ya kafe shi da ganuwa, baƙin jini ya malale gida takwas.

Irin su Jamruzu ba sa mutuwa da mashi. Ya zare shi da kansa, yana numfashi da ƙyar, ya ce, "An tsare ni. Ya kai Tunau, ka gina, an rushe, ka sake ginawa, ka kuma biya abin da ginin ya ci. Aljani ba ya saɓa alkawarin fage. Ku tafi."

Tunau ya ruga wurin yayansa ya rungume shi, tagullar ta ƙone masa hannuwa biyu bai saki ba. Idanun nan na kallonsa. Wata iska ta fizge shi, sai ga su su biyar a bakin kududdufin gabas, rana ta karkata la'asar, ramin da suka haƙa na nan yadda suka bar shi.

Suka mayar da ƙasa suka rufe daɓen da hannu, suka danne da duwatsu. Tunau ya rantse ba mai sake sa galma a wurin, ko da ya san ma'anar hakan ita ce yayansa zai zauna can yana jiran baƙin da ba za su zo ba. Sauran huɗun suka rarrabu zuwa gidajen da za a kai mummunan labari. Shi ya nufi nasu.

Uwarsu na nan ƙarƙashin rumfar zana tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi bayansa, ta daɗe tana duban bayan nasa. Ya durƙusa a gabanta da ƙonannun hannuwa ya gaya mata komai, tun daga daɓen har zuwa mashin. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ajiye faifan.

Ta ce, "Na san za a rina. Tun yana ciki bai iya jira ba, wata bakwai ya fito. Gaggawarsa ce ta cinye shi, ko?"

Da Tunau ya ce e, da ta yarda, da garin duka ya yarda, don kowa ya san Barmo. Ya sunkuyar da kai.

"A'a, Inna. Ya jira. Ni na ce ya taka."

Tsohuwar ta jawo hannuwansa ta duba ƙunar, ta tashi ta ɗauko man kaɗanya ta shafa masa, hawayenta na ɗiga a kai.

Da hannuwan suka warke ya ɗebo ƙasa daga yamma ya fara ɗakin. Sahu ɗaya yake jerawa ya bari ya bushe, kwana arba'in ya yi yana gini, kuma bai yarda kowa ya taya shi ba. Tsohuwar ta zauna a ciki shekara tara. Ba ta taɓa zarginsa ba, ba ta kuma taɓa barin a rufe tagar da ke duban gabas ba har ta rasu.